Wanzamin Da Ya Tsare Zango Na Biyu

Akwai wani tsohon hoto da aka ɗauka a 1885 a garin Keokuk, cikin jihar Iowa ta Amurka. Ƴan wasan garin ne suka jeru gaban mai hoto, wasu zaune wasu tsaye. Dukansu Turawa ne in ban da mutum ɗaya da ke tsaye a tsakiyar sahun baya. Sunansa na yanka John W. Jackson, amma filayen wasa sun san shi da Bud Fowler. Shekararsa 27 a lokacin. Kafin shekarar ta fita gasar da ƙungiyar ke ciki ta rushe, shi kuma ya ɗaure kayansa ya yi yamma, zuwa Pueblo ta jihar Kolorado. Ba wannan ne ɗaurin kayansa na farko ba, kuma da sauran da yawa a gaba.

Wasan da yake yi sunansa besbol. Ban taɓa ganin an buga shi a Dakoro ba. Mu nan abin da ke tayar da ƙura a fili kokowa ce, sai ƙwallon ƙafa, sai langa wajen yara. Amma da na bi sawun mutumin nan gari bayan gari, sai na ga labarinsa ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san matashin da ke jiran a ɗaure damen hatsi na ƙarshe ya rataya ɗan buhunsa ya tafi ci-rani, ko Maraɗi, ko Kano, ko Legas, ko ya bi ta Agadas ya yi arewa. Fowler ɗan ci-rani ne, ya kuma yi abin da ya haura shekara ashirin yana yinsa. Namu sau da yawa fari ne ke fitar da su daga gida. Shi ma fari ne ya hana shi zama wuri ɗaya, sai dai ba farin rashin ruwa ba, farin fata.

Inda yake tsayawa

Sai na ɗan fasalta wasan, domin wanda bai gane wurin da Fowler ke tsayawa a fili ba, ba zai gane abin da aka yi masa ba.

Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara. A tsakiyar fili akwai kusurwa huɗu, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90, wato mita 27 da ɗan ɗori. Kusurwa ɗaya ita ce gida, sauran ukun mu kira su zango na ɗaya, na biyu da na uku. Mai jifa yana tsakiya yana wurgo wata ƴar ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce cika tafin hannu ba, mai bugu na ɗaya ƙungiyar kuma yana tsaye a gida riƙe da kulki. In ya dace ya maka ta, sai ya yar da kulkin ya ruga zango na ɗaya. Muddin ƙafarsa na kan zango ba mai taɓa shi. In ƙwallo ta riga shi isa, ko aka dangwala masa ita a tsakanin zango da zango, ya mutu. Wanda ya bi zango ukun nan ya dawo gida lafiya ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya, kamar yadda ruwa ke sha a wasan langa. Da mutum uku sun mutu sai a juya, masu bugu su koma tsaro. Haka za a yi ta yi har zagaye tara.

Mutum huɗu ke tsaron cikin fili, kuma a cikinsu mai zango na biyu ne ya fi zama a bakin hanya. Wanda ya samu zango na ɗaya ba ya son ya tsaya jira, sai ya faki idon mai jifa ya sheƙa zuwa na biyu. Satar zango ake ce wa wannan, kuma halal ce a dokar wasan. Don kada a taɓa shi, in ya kusa isa sai ya zube ƙasa ya sulalo da ƙafafu a gaba. A tafin takalminsa kuwa akwai haƙoran ƙarfe da aka sa don kada santsi ya ɗebe shi. Shi mai tsaro dole ya dasa ƙafa a wurin, idonsa na sama yana jiran ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa zai wurgo masa, alhali ga ƙato nan tafe da ƙarfe yana nufo ƙwaurinsa. A zamanin Fowler yawancin masu tsaron cikin fili ba su sa safar hannu ba tukuna, da tsirarar hannu suke cafke ƙwallon.

Aikin da ma mai haɗari ne ga kowa. Ga baƙar fata ya zama wani abu daban. A 1889 jaridar wasanni ta The Sporting News ta buga bayanin wani ɗan wasa Bature wanda ya yi zamani da shi a gasa ɗaya. Ya ce Fowler yakan ɗaure katako a ƙwaurinsa kafin ya shiga fili, saboda ya san kusan duk wanda ya sato zango da niyyar yankarsa yake tahowa. Ya ƙara da cewa masu jifa da yawa, in baƙi ne ke riƙe da kulki, jikinsa suke nema ba gefensa ba. Frank Grant, wani baƙin da ya tsare zango na biyu a ƙungiyar Buffalo daga 1886 zuwa 1888, shi ma da katakon yake shiga, har daga baya aka ɗauke shi daga wurin aka mai da shi bayan fili don a tsirar da ƙafafunsa. Yau kariyar ƙwauri kaya ce ta yau da kullum a wasanni da dama. Su waɗannan biyun ba don ado suka ɗaura ta ba.

Ɗan wanzami

An haife shi ranar 16 ga Maris 1858 a Fort Plain, jihar Niyok. Yana jariri iyayensa suka koma Cooperstown, wani ɗan ƙaramin gari a bakin tafki, can ya yi wayo, can ya koyi wasan. Bauta na nan da ranta a kudancin ƙasar lokacin, sai 1865 aka soke ta bayan yaƙin basasa. Ubansa mai aski ne, ɗan ma ya gaji aska.

A nan na fara jin mutumin ya matso kusa da mu. A ƙasar Hausa wanzanci gado ne, kuma wanzami da zabirarsa duk garin da ya sauka ba ya kwana da yunwa: inuwar bishiya, tabarma, ɗan kaskon ruwa, shi ke nan an buɗe wurin aiki. Na Amurka ba ya ƙaho, ba ya kaciya, ba ya cire beli, aski ne da gyaran fuska kawai. Amma a ƙarni na 19 wannan sana'a tana cikin ƴan sana'o'in da aka bar wa baƙi su ci abinci da su cikin mutunci, kuma Turawa ne manyan masu zuwa. Fowler ya riƙe ta har tsufansa. In ƙungiya ta mutu, ko sanyi ya rufe filaye, ko aka sallame shi ba laifin tsaye ba na zaune, sai ya koma wa askarsa. Ina yawan tsayawa a kan wannan. Ƙasa ce da Bature zai kishingiɗa da safe ya miƙa maƙogwaronsa ga askar baƙin mutum, ya lumshe ido cikin aminci, da la'asar kuma wani Baturen ya ce ba zai zauna benci ɗaya da shi ba.

Laƙabin Bud kuwa daga bakinsa ya samo shi. Kowa ya haɗu da shi a fili da wannan kalma yake kiransa, kamar yadda wani a nan ba ya kiran kowa sai da "aboki", har sunan ya dawo kansa.

Da jifa ya fara, ba da tsaron zango ba. Ranar 24 ga Afrilu 1878, yana ɗan shekara 20, ya yi wa wata ƙungiyar garin Chelsea jifa a wasan sada zumunci da ƙungiyar Boston, wadda ke riƙe da kambun babbar gasar ƙasar. Mai jifan Boston ranar Tommy Bond ne, wanda ake lissafawa cikin gwanayen zamanin. Aka tashi 2 da 1, yaran Chelsea ne da nasara. Cikin watan Mayu ƙungiyar Live Oaks ta garin Lynn ta ɗauke shi ya cike gurbin mai jifanta, ranar 17 ga watan ya fara. Wannan ne ya sa masana tarihin wasan ke ƙirga shi baƙar fata na farko da aka sani ya buga besbol a gasar ƙwararru, ta masu cin abinci da wasan. Jackie Robinson, wanda duniya ta fi sani da ɓalle wannan ƙofa, sai bayan shekara 69 ya zo.

Wasa uku ya yi wa Lynn. Daga nan hanya ta karɓe shi.

A 1881 wata ƙungiya a Guelph ta ƙasar Kanada ta ɗauko shi, ƴan wasanta suka ce ba su yarda ba, ya wuce Petrolia. A 1884 yana Stillwater ta jihar Minnesota, yana jifa yana aski, har hannun ya gaji da jifar, ya koma zango na biyu, inda ya fi yin suna. Sai Keokuk da Pueblo a 1885. A shekarar ne jaridar Sporting Life ta rubuta cewa yana cikin gwanayen ƙasar baki ɗaya, kuma da fuskarsa fara ce da yana cikin manyan ƙungiyoyi. Ba a ɓoye suke faɗa ba, a jarida suke bugawa. A 1886 yana Topeka ta jihar Kansas, inda ba wanda ya kai shi yawan bugun da ke kai mutum zango na uku a tashi ɗaya.

Binghamton, 1887

Shekarar 1887 ta fara kamar za a yi abin kirki. Gasar International League, wadda ke bin manyan gasa biyu na ƙasar a daraja, ta tara baƙaƙen ƴan wasa fiye da kowane lokaci. Frank Grant na Buffalo. Newark na da George Stovey mai jifa da hagu, da Moses Fleetwood Walker mai cafke masa, wanda tun 1884 ya taɓa bugawa Toledo a babbar gasa. Binghamton, a jihar haihuwarsa, ta ɗauki Fowler.

A besbol ana auna mai bugu da lissafi. A duk tsayuwa 100 gaban mai jifa, sau nawa ya buga ƙwallon da ta kai shi zango lafiya? Wanda ya samu 30 gwani ne. Fowler a wasa 34 da ya yi wa Binghamton 35 yake samu, ga satar zango kamar ba gobe. Ƴan kallo na sonsa, masu ƙungiya na ganin amfaninsa a ƙofar shiga.

A ƙarshen watan Yuni ƴan wasa tara na ƙungiyar suka sa hannu a takarda, suka aika wa shugabanninta cewa ba za su sake shiga fili ba muddin akwai baƙar fata a cikinsu. Ranar 30 ga Yuni aka sallami Fowler, da sharaɗin ba zai koma wata ƙungiya a cikin gasar ba. Wato an kore shi, an kuma tabbatar ba zai dawo cikin rigar wasu ya kunyata su ba. William Renfro, ɗaya baƙin da ke ƙungiyar, shi ma bai daɗe ba.

Mako biyu bayan haka, ranar 14 ga Yuli, wakilan ƙungiyoyin gasar suka zauna a Buffalo suka yanke cewa daga ranar ba za a sake amincewa da sabuwar yarjejeniyar ɗaukar baƙar fata ba. Ƙuri'a 6 da 4. Huɗun da suka ƙi su ne masu baƙi a cikinsu. Binghamton, da yake ta riga ta rabu da nata, ta bi masu rinjaye. A wannan rana dai ƙungiyar Shikago ta Cap Anson, mutumin da ya fi kowa faɗa-a-ji a wasan kuma wanda tun 1883 yake tayar da rigima a kan Walker, ta buga wasan sada zumunci da Newark, aka ajiye Stovey a gefe, aka ce wai ba shi da lafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tarihin mutumin nan shi ne waɗannan sa hannu tara. Haƙoran ƙarfen abokin hamayya ana iya ɗaure masu katako. Zagin ƴan kallo ana iya toshe masa kunne. Waɗannan kuwa mutanen da suke shiga jirgin ƙasa ɗaya ne, suke sa riga iri ɗaya, waɗanda kowace la'asar shi ke tsayawa a bakin ƙarfe don ya cafke ƙwallon da suka wurgo. Nasarar da bugunsa ke kawowa tare ake rubuta masu ita. Sun san gwanintarsa fiye da kowa, kuma ina da yaƙinin gwanintar na cikin abin da ya dame su. Da rago ne, da bencin ya ishe shi, ba sai an rubuta takarda ba.

A nan ne kokowarmu ta bambanta da wasansu, kuma bambancin ya taimake ni fahimtar yadda aka yi aka kayar da shi. A fage, in makaɗa suka saki ganga, ƙato biyu ne da ƙasa. Ɗan kokowa ba ya jiran kowa ya miƙo masa komai. Yaro zai fito daga wani ƙauyen Kornaka ko Birnin Lalle da ba a taɓa jin sunansa ba, bayan kaka, ya shiga fage ya ɗaga gwanin gari ya dasa shi, dubban idanu na kallo. Daga nan ba mai iya cewa ba a yi ba. In yana da rabo zai hau daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, har ya je neman takobi. Fowler ma hujjarsa a bayyane take, tana rubuce cikin lissafi. Amma wasansa na bukatar mutum takwas su yarda su tsaya tare da shi, yana kuma bukatar takardar yarjejeniya da wasu masu kwat za su amince da ita a cikin ɗaki. Shi ya sa aka iya raba shi da fage ba tare da wani ya taɓa kai bayansa ƙasa ba.

Kuma kada mu karanta wannan muna girgiza kai kamar abin ya yi nisa da mu. Laifi tudu ne. Har gobe akwai gidajen da in saurayi ya zo neman aure, kafin a tambayi halinsa sai an tambayi asalinsa: ɗan wanzamai ne, ɗan maƙera ne, ɗan mahauta ne, ko kakansa bawan wane ne. A Nijar sai 2003 doka ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma a 2008 ne kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ba Hadizatu Mani gaskiya a ƙarar da ta kai saboda an bautar da ita. Takardar Binghamton an rubuta ta ne shekara 22 bayan soke bauta a Amurka. Dokar ta riga ta canja, rainin bai tafi ko'ina ba.

Ya ƙi barin fili

Wani da ya haƙura ya zauna a shagon aski. Fowler kafin kakar wasan ta ƙare yana Montpelier ta jihar Vermont, inda aka ba shi jagorancin ƙungiyar da sauran ƴan wasanta Turawa ne. A 1888 ya buga a Crawfordsville da Terre Haute, ya gangara har Santa Fe. A 1889 yana Greenville ta Mishigan, a 1890 yana tsakanin garuruwan Illinois da Iowa, a 1892 yana Nebraska. In ka ɗora yatsa a taswira kana bi, za ka ga yadda garuruwan ke ƙara ƙanƙancewa suna nisa da manyan birane. Yana neman inda ƙungiya ke tsananin bukatar gwani har ta kau da kai daga launinsa, ko da na wata biyu ne. Shi da kansa ya ce ya yi wasa a jihohi 22 da Kanada. A kakar wasa goma da ya yi a gasannin Turawa, cikin tsayuwa sama da 2,000, lissafinsa ya tsaya a kusan 31 cikin 100. Babu wani baƙin ɗan wasa na ƙarnin da ya daɗe a cikinsu kamarsa.

Zuwa 1895 shi ma ya faɗa da bakinsa cewa fatarsa ce ke yaƙarsa, kuma ƙiyayyar ta kai inda baƙar fatar ta rufe masa ƙofa. Shekara ɗaya bayan haka kotun ƙolin Amurka ta halatta raba baƙi da farare a wuraren jama'a. Wasan ya riga kotun.

Tun 1894, yana wasa a Findlay ta jihar Ohayo, ya haɗu da wani matashi mai ƙarfin bugu, Grant Johnson, suka ƙulla shawarar kafa ƙungiyar baƙi zalla. Ba su ne na farko ba, Cuban Giants na nan tun 1885. Kuɗin ya fito ne daga garin Adrian na Mishigan, wajen wani kamfani mai saƙa shingen waya, irin wanda manoma ke kewaye gona da shi don tsare dabbobi. Mutumin Dakoro, da ke zaune a inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara, ba sai an yi masa bayanin darajar wannan haja ba. Aka sa wa ƙungiyar suna Page Fence Giants, ta fara wasa a 1895, Fowler ne mai zango na biyu kuma shi ne jagora.

Tsarin da suka yi ya nuna mutum ne da hanya ta koya wa darasi. Suna da taragon jirgin ƙasa nasu na kansu, da gadaje da madafa da mai dafa abinci, ana jona shi a bayan duk jirgin da ya nufi inda za su. Shekara da shekaru masaukan baƙi na rufe masa ƙofa, yanzu ya taho da ɗakin kwanansa. In sun sauka gari sai su hau kekunan kamfanin Monarch cikin tufafin wasa su zaga tituna, yara na bin su, kafin la'asar kowa ya san akwai wasa. Duk wanda ya ga yadda ƴan kokowa ke shiga gari da makaɗansu ranar kasuwa ya san wannan dabara. A shekarar farko sun ci wasa 118, aka ci su 36. Biyu daga cikin waɗanda suka faɗi da ƙungiyar Cincinnati ta babbar gasa ce, wadda ta yarda ta kara da su don kuɗin ƙofa amma ba za ta ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba.

Fowler bai ƙarasa kakar tare da su ba. Ya bar su a tsakiya ya koma Lansing, cikin gasar jihar Mishigan, wasansa na ƙarshe ke nan a gasar Turawa, yana da shekara 37. Bayan nan ya ci gaba da kafa ƙungiyoyin yawo: All-American Black Tourists a 1899, Smoky City Giants a Pittsburgh a 1901, Kansas City Stars a 1904. Ya yi ta neman masu kuɗi su haɗu a kafa gasar baƙi ta ƙasa baki ɗaya, abin bai yiwu ba a hannunsa. Sai 1920 Rube Foster ya kafa ta a Kansas City.

Ba makaɗi

Ya rasu ranar 26 ga Fabrairu 1913 a gidan ƴar'uwarsa a Frankfort, jihar Niyok, bayan doguwar jinyar ciwon jini. Saura kwana 18 ya cika shekara 55. Ba shi da dukiya. Aka binne shi ba a kafa ko dutse mai suna a kan kabarin ba.

A wajenmu gwanin fage ba ya ɓacewa haka, saboda yana da makaɗi. Yaron da aka haifa shekaru bayan ɗan kokowa Kantu ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975 ya san sunansa, ya san Kadade, ya san Salma Ɗan Rani, ya san Langa-Langa, ko bai taɓa ganin hotonsu ba. Kirari ya riƙe su, hirar dare ta riƙe su, rediyo ta riƙe su, fagen kokowa na Maraɗi ma sunan Yakuba Ango Kantu yake ɗauke da shi. Fowler ba garin da ya zauna har ya zama nasu, balle su yi masa kirari. Abin da ya rage nasa ƴan layuka ne na sakamakon wasa a jaridun ƙananan garuruwa, warwatse daga Vermont zuwa Santa Fe, sai abin da Sol White, wanda ya buga wa Page Fence Giants a 1895, ya rubuta a littafinsa na tarihin baƙaƙen ƴan besbol a 1907.

Garin da ya tashi kuwa ya shahara da wani labari daban. A farkon ƙarni na 20 wani kwamiti ya yanke cewa a Cooperstown aka ƙirƙiro besbol a 1839, kuma wani soja Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro shi. Masana sun daɗe da nuna labarin ba shi da tushe. Duk da haka a kansa aka gina gidan tarihin wasan da zauren gwanaye a garin, aka buɗe a 1939. Mutane na tahowa daga ko'ina suna ziyara, suna bin titunan da ɗan mai askin garin ya yi wasan ƙasa a cikinsu, ba wanda ya ambace shi.

Masu tono ne suka dawo da shi, mutanen da suka zauna suna buɗe tsofaffin jaridu shafi-shafi suna haɗa garuruwan. A 1987, shekara 100 cif bayan takardar Binghamton, ƙungiyar masu binciken tarihin besbol ta SABR ta kafa dutse a kan kabarinsa, bayan ya yi shekara 74 ba suna. A 2013 hukumar Cooperstown ta sa wa ƴar hanyar da ke shiga filin wasan garin suna Fowler Way. A watan Disamba 2021 aka zaɓe shi cikin zauren gwanaye, aka yi bikin shigar da shi ranar 24 ga Yuli 2022. Ba ɗa ba jika da zai hau mumbari ya karɓa, sai Dave Winfield, wani baƙin gwani na zamanin baya-bayan nan, ya tashi ya yi magana a madadinsa.

Na koma kan taswira na duba wurare ukun nan, Fort Plain inda aka haife shi, Cooperstown inda ya tashi kuma allon tagullarsa ke rataye yanzu, da Frankfort inda yake kwance. Tsakanin kowane biyu daga cikinsu bai kai tafiyar Dakoro zuwa Maraɗi ba.